Shekara Shida Ba a Taka Dardumar Ba

Duk wanda ya zauna a benenmu na garin Pleven ya san Yaya Nedyalka, ko da ta dalilin kwalabenta ne. Shekara talatin da huɗu ta yi a masana'antar gwangwani, a layin rufe murfi, ta fito da aƙida guda wadda ba limamin coci ba likita da zai raba ta da ita: abin da aka rufe da kyau ba ya lalacewa. Idan kaka ta yi, kowace mace a benen na gasa jan barkono a tsakar gida tana cusawa a kwalba saboda watannin sanyi, ita ce ke zagayawa tana ƙwanƙwasa murafanmu da farce. Sai ta kasa kunne, ta ce, "Zdravka, wannan ba zai kai Kirsimeti ba." Ni kuwa in hau, in ce zai kai har ya wuce. Bai taɓa kaiwa ba.

Ni ce Zdravkar. Ƙofata na kallon tata a hawa na uku. Shekara ashirin na yi ina sayar da tikiti a bas, shi ya sa bakina ba ya jiran a ba shi izini. Amma abin da zan faɗa yanzu labari ne na lokacin da ya kamata in yi magana na kama bakina.

Nedyalka ba 'yar haya ba ce tun asali. Tana da gidanta. Mijinta ya rasu, ɗanta ya yi aure, sai ta bar wa yaran gidan kamar yadda iyayenmu suka saba, ta ce su sake. Tana da shekara sittin da ɗaya ta fara zaman haya karo na farko a rayuwarta. Niyyarta ta zauna kusa da su har jikokinta su shiga makaranta, sannan ta koma tsohon gidan mahaifinta a ƙauye ta ƙarasa kwanakinta.

Gidan da ta kama na Rumyana ne, wadda za ta tafi Italiya jinyar tsofaffi, ta bar mini mabuɗi. Gidan marigayiya mahaifiyarta ne, ko cokali ba a gusar ba. Aka yi takarda a kan teburin kicin ɗina. Nedyalka ta ba da kuɗin ajiya, hayar wata biyu, leva ɗari bakwai, da sharaɗin za a mayar mata ranar da za ta tashi idan ta bar gidan yadda ta same shi. Sau uku ta karanta wannan layin, yatsanta na bin kalmomin.

A falon akwai darduma. Ja wur, da tsuntsaye baƙaƙe da rawaya suna bin rassan inabi. Mahaifiyar Rumyana 'yar Chiprovtsi ce, garin masaƙan darduma, ta yi sanyi biyu cur tana saƙa ta da ulu kafin aurenta. Ranar tafiya, Rumyana na bakin ƙofa da akwatinta, ta juyo idonta cike da hawaye ta ce wa Nedyalka, "Goggo, komai na gidan nan ki yi yadda kika ga dama da shi. Dardumar nan ce kawai ta rage mini daga uwata."

Da ta san wadda take gaya wa, da ta haɗiye maganar.

Ba a yi mako biyu ba Nedyalka ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, tana tambaya ko mijina Stamen na da ragowar ledar da yake rufe tumatir da ita a lambunsa. Yana da ita, mai kauri. Muka shimfiɗa ta a kan dardumar. Ta zuba ƙwayoyin kafur a kusurwa huɗu, ta bi gefen da salatef tana liƙe shi da katakon ƙasa, ta sake bi, ta sake bi, har ba inda iska za ta kurɗa. Sannan ta ɗora tsohon bargo a sama. Ni ce na riƙe mata bakin ledar. Ina so a san wannan tun yanzu.

Ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta ce, "To. Ko shekara hamsin matar nan za ta yi, za ta tarar da abinta."

Na ce, "Yaya, ke fa kin mayar da dardumar mutane barkono."

Ta ce, "Barkonon nawa ya taɓa ruɓewa?"

Daga ranar ta rufe ƙofar falon, ta tare a kicin da ƙaramin ɗakin kwana. Ɗaki mafi girma da haske a gidan, tana biyan hayarsa, amma ko jikokinta ba su san kalar bangonsa ba. A kicin take karɓar baƙi, gwiwa na gugar gwiwa. Abu ɗaya ne ke kai ta ciki. A bakin tagar falon akwai itacen lemun tsami cikin babbar tukunya, shi ma na marigayiyar ne, kuma ba wata taga a gidan da ke samun rana irin wannan. Duk bayan kwana biyu sai ta sa safa mai tsabta, ta ɗauki butarta, ta bi layi ɗaya daga ƙofa zuwa taga, ta ba shi ruwa, ta dawo ta inda ta bi. Abin na damunta ƙwarai. Ta taɓa ce mini, "Duk wucewar da zan yi sai na nemi gafarar baiwar Allahn nan. Ta ɓata idonta ta saƙa, ni kuma ina bi ta kai."

Na ce, "Ta kan bargo da leda fa, Yaya."

Ta ce, "Nauyin nawa ba ya kaiwa ƙasa?"

Kowace shekara idan dusar ƙanƙarar farko ta kwanta, mukan ja dardumominmu mu sauko da su tsakar gida, mu kife su a kan farin, mu yi ta duka da sanda har wurin ya yi baƙi, mu matsa gaba mu sake. Ranar hira ce da gulma. Nedyalka na saukowa ta taya kowa duka, hannunta ya fi na kowa nauyi. Sau biyu na ce mata ta fito da ta Rumyana. Ta dube ni kamar na ce ta fito da gawa.

"Kayan mutane zan kawo waje a yi ta jibga da sanda? Idan zare ɗaya ya tsinke, ke za ki saƙa?"

Ban sake ɗaga maganar ba. Ni kuwa a hannun kakata na tashi, na sha jin ta tana cewa ulu yana son iska da rana da ƙafa. Na sani sarai. Amma matar da ba ta taɓa kuskure a kan murfi ba ce ke magana, sai na ɗauka ta fi ni sani. Har taƙama nake yi da ita. Duk wata idan Rumyana ta bugo waya, sai in ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Kin yi dace da 'yar haya. Dardumarki ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

Shekara shida kenan. Ƙaramin jikan ya shiga makaranta, Rumyana ta gaji da Italiya ta ce za ta dawo gida a watan Satumba, komai ya zo daidai. Nedyalka ta je ƙauye ta share gidan mahaifinta. Abin da ya rage mata murhu ne, don tsohon ya tsage, hayaƙinsa ya fi zafinsa yawa. Ta je ta zaɓi sabon murhun ƙarfe na itace, ta ce wa mai shagon ya ajiye mata, da zarar an mayar mata da kuɗin ajiyarta za ta zo ta ɗauka. Da fanshon masana'anta ba a sayen murhu. Wanda kuma ya san sanyin ƙauyukanmu a watan Janairu ya san murhu ba kayan ado ba ne.

Ranar miƙa gidan Nedyalka ta gasa banitsa, gurasarmu mai cuku, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta kira ni in zama shaida. Ta zagaya da Rumyana ɗaki ɗaki. Kofuna cif, labule a wanke, famfon da ke ɗiga ma ta sa an gyara. Ta bar falon sai ƙarshe. Fuskarta na sheƙi lokacin da ta buɗe ƙofar, itacen lemun na tsaye a bakin taga da 'ya'ya bakwai.

"Ga amanarki," in ji ta. Ta durƙusa da 'yar wuƙarta ta yanke salatef ɗin.

Muka janye bargon. Ta cikin ledar na ga kamar jan ya kwanta, na ce a raina ƙura ce. Ni da Rumyana muka kama bakin ledar muka ɗaga. Wani wari ya bugo mu, irin na tsohon akwati. Sai ga 'yan ƙananan asu, ruwan toka, suna tashi a hankali ta ko'ina.

Babu darduma. Fararen zaren auduga da aka ɗora saƙar a kansu ne kawai a jere, kamar raga, a tsakaninsu gari ja da baƙi. Siffar tsuntsayen na nan a kwance cikin garin, kana iya ganin baki da fiffike. Rumyana ta durƙusa, ta sa yatsu biyu za ta ɗaga ɗaya. Ya watse a hannunta. A tsakiyar wannan ɓarna, daga ƙofa zuwa taga, wani siririn layi ya miƙe, faɗinsa bai fi kamu ɗaya ba, ja wur, ko zare ɗaya bai taɓu ba. A lokacin ba wanda ya tsaya tunaninsa.

Na yi shekaru ina ganin faɗa da suma da haihuwa a cikin bas, ban taɓa rasa abin cewa ba sai ranar. Na zauna a hannun kujera. Nedyalka na durƙushe inda take, wuƙar na hannunta, bakinta a buɗe. Sai ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Ban dafa ta ba."

Rumyana ta ɗago. "Me kika ce?"

"Kwalba sai an dafa ta kafin a rufe. Abin da ke ciki ya mutu tukuna. Ni rufewa kawai na yi." Ta dubi garin. "Ƙwansu na ciki tun ranar. Na rufe su da abincinsu, ga ɗumin ɗaki. Shekara shida ina gadinsu."

Rumyana ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. A hankali ta ce, "Goggo, cewa na yi ki kula mini da ita. Ban ce ki binne ta ba." Ta kakkaɓe hannunta a siket ɗinta, jan garin ya zauna a jiki, ta fita. Banitsar ta huce a kan tebur ba wanda ya yanka.

Washegari sai ga Rumyana da wata takarda. Ashe duk shekarun nan tana biyan inshorar gidan da kayan cikinsa daga can Italiya. Sai na ji zuciyata ta ɗan dawo wurinta. Na ce shi ke nan, kamfani zai biya, Nedyalka ta karɓi kuɗinta ta sayi murhunta.

Mutumin inshoran ya zo bayan kwana biyu, mai sanƙo, mai ladabi, har takalmi ya cire a ƙofa. Ya ɗauki hotuna, ya tsuguna, ya murza garin a yatsunsa. Sannan ya buɗe takardar ya nuna mana da biro.

"Gobara, ruwa, ɓarawo. Abin da ya faɗo rana ɗaya, shi muke biya. Abin da ya ci a hankali, asu, ɓera, danshi, ba ya ciki."

Na ce, "To idan bututu ne ya fashe fa? Ai na sama da mu nasu ya taɓa yoyo bara."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Goggo, zan yi kamar ban ji ba."

Kallon da Nedyalka ta yi mini ya fi nasa zafi. Gaskiya da safen na ba ta shawara mu kwara bokiti biyu a wurin kafin ya iso. Cewa ta yi in fita mata daga kicin.

Rumyana ta ce, "To wa zai biya?"

Ya ce wannan tsakaninta da 'yar hayarta ne, shi ba alƙali ba ne, amma ya ga irin wannan rigima da yawa. Idan darduma ta tsufa a ƙarƙashin ƙafa, ta koɗe, ta sile, har ta huje, ba a cire wa ɗan haya komai, don takawa aka shimfiɗa ta, asarar ta mai gida ce. Amma idan ɗan haya ya yi wani abu da hannunsa abin ya lalace, daga kuɗin ajiyarsa ake cirewa.

Na ce, "Tsaya, bawan Allah, in fahimce ka. Da matar nan ta yi shekara shida tana taka ta da takalmi, jikokinta na birgima a kai, har ta zama tsumma, ba ta da laifi?"

"Ko kaɗan."

"Amma da yake ta hana kanta falo, ta takure a kicin kamar mai zaman makoki, ita ce mai laifi?"

"Ledar da salatef ɗin aikin hannu ne, Goggo."

Ya nuna jan layin da biro. "Wannan fa? Me aka ɗora a nan?"

Nedyalka ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Nan nake bi in ba lemun ruwa. Ba yadda zan yi ne. A yi haƙuri."

Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya ce tsutsar asu ba ta zama inda ƙafa ke dannawa. Abin da ta taka shi kaɗai ya tsira.

Nan ne Nedyalka ta dafa bango. Abin da ta yi shekara shida tana neman gafara a kansa, shi ne kawai alherin da ta yi wa dardumar. Na ji tausayinta, na kuma ji kunyar kaina. Na buɗe baki na ce wa Rumyana ledar ta mijina ce, ni na riƙe bakinta, kuma na san ulu na son iska na yi shiru. Ta ce, "Ke kuma Goggo Zdravka, da wayoyinki na ƙuda bai sauka ba, ki yi mini shiru." Na yi.

Na ɗauka rigimar da za ta biyo baya ita ce Rumyana ta riƙe kuɗi, Nedyalka ta roƙa. Sai ta zo a juye. Bayan kwana uku Rumyana ta huce, ta sa leva ɗari bakwai a ambulan ta ba ni in kai. Ta ce, "Idan na riƙe kuɗin nan, na sayar da uwata a kan hayar wata biyu kenan. Ki ce ta je ta sayi murhunta."

Na kai. Nedyalka ko taɓawa ba ta yi ba. "Takarda ta ce in bar gida yadda na same shi. Haka na same shi?"

"Yaya, mai abu ta yafe."

"Ita ta yafe. Ni ban yafe ba."

"Sanyi fa zai kashe ki a ƙauyen nan."

"Na taɓa ce miki ina jin sanyi?"

Sau uku ambulan ɗin nan na kai da komowa a hannuna, har ya yi laushi. Na zage su su biyun, kowacce a gabanta. Na kira ɗan Nedyalka, ya ce zai saya mata murhun, ta ce idan ya kawo a waje zai kwana, shi da murhun. Ranar da motarsa ta kwashe ta da kwalabenta, Rumyana ta tarar da ambulan ɗin a ƙarƙashin tukunyar lemun.

Haka Nedyalka ta yi sanyin bana da tsohon murhu mai hayaƙi, a ɗaki ɗaya, da riguna uku a jiki. Duk ranar da na ji iska na kaɗa taga sai raina ya ɓaci, in rasa da wa zan yi faɗa sai Stamen.

Rumyana ba ta ci kuɗin ba. Ta yanke jan layin nan, ta kai wa wata masaƙiya a garin mahaifiyarta, aka raba shi biyu aka ɗaure bakunan. Rabi ta shimfiɗa a gaban gadonta. Rabin kuma, da ƙanƙara ta narke, ta naɗe ta ba ni in kai wa Nedyalka. Ta ce, "Wannan ba kuɗi ba ne, ba ta da hujjar mayarwa. Ƙafarta ce ta saye shi."

Na shiga bas na je. Ƙauyen mutum goma sha ɗaya ne suka rage a cikinsa, ban da Nedyalka ƙaraminsu ya haura saba'in. Na tarar da ita ta rame, tari ya kama ta, bangon kicin ya yi baƙi. Na warware mata abin a kan tebur. Tsuntsaye uku ne da rabi. Ta daɗe tana kallo, hannayenta a bayanta. Ina jira in ga ta nufi inda leda take, na riga na shirya abin da zan gaya mata.

Sai ta ɗauka ta shimfiɗa a bakin ƙofar kicin, inda duk mai shiga sai ya bi. Ta ce, "Taka."

Na sunkuya zan cire takalmi.

"Da takalmin."

Na taka. Ta ce in koma in sake, na sake. Kwana uku na yi a wurinta. Mai kawo wasiƙu ya zo, ta sa shi ya shigo ya fita sau biyu, yana kallona ko lafiya. Maƙwabciyarta ta zo aron gishiri, ita ma sai da ta taka. Amma ita kanta, da tire a hannu ko da itace a ƙirji, idan ta iso ƙofar sai ta ɗaga ƙafa ta tsallake. Ko sau ɗaya ban ga tafinta ya sauka a kai ba.

Na ce, "Yaya, ke da ƙafarki ta cece ta?"

Ta ce, "Na gwada. Ba ta sauka."

Ta rako ni bakin hanya da kwalba biyu ta barkono a jaka. Da bas ɗin ya ɓullo, ta riƙe hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara shida.

"Zdravka, ki riƙa zuwa," in ji ta. "Garin nan ba ƙafafu."